Yatsan da Baba Yake Ja Kowace Safiya

Mu biyar ne muke rawar birek a Ikara, kuma duk cikinmu babu wanda iyayensa suka sani. A waya muka koya. Wani abokinmu ɗan Kudan ne ya fara zuwa da bidiyon, muka haɗa kai muna kallon wasu samari suna juyi a kan kawunansu, suna tsayawa a kan hannu ɗaya ƙafafu a sama, sai ka rantse babu ƙashi a jikinsu. Muka ce ai wannan ba wani abu ba ne a wurinmu, mu da muka tashi da langa da alkafura a yashin rafi. Sai da muka gwada muka san da sauranmu.

Wani siton masara ne a bayan tasha muke shiga, na kawun ɗaya daga cikinmu. Daga an kwashe buhuna har kaka ta zagayo babu mai leƙa wurin, daga mu sai ɓeraye. Simintin ƙasan duk ya farfashe, don haka muke roƙo kwalaye a shagunan masu sayar da firij mu shimfiɗa, mu haɗe bakinsu da salatif. Bayan la'asar muke haɗuwa, mu jefa waya a cikin kwano don sauti ya ƙaru, mu tokare ƙofa da dutse. Wanda ya fi mu iyawa ɗan wani malamin firamare ne, Kirista, iyayensa mutanen kudancin Kaduna ne amma shi a Ikara aka haife shi. Oga muke ce masa. Kullum sai ya tsare mu da murza wuyan hannu da miƙe yatsu kafin a fara, ni kuwa abin nan haushi yake ba ni. Shekarata ashirin da uku, ina noma, ina ɗaukar buhu, wane ɗumama jiki kuma ya rage mini? Ina shiga nake cire riga in faɗa tsakiya.

Ni ɗan wanzami ne, shi ya sa rawata ta fi ta kowa zama sirri. A ƙauyenmu, can wajen Malikanchi, babu gidan da askar mahaifina ba ta shiga ba. Shi ne askin suna, shi ne kaciya, shi ne ƙaho, kuma in mutum ya yi targaɗe a gona gidanmu ake kawo shi Baba ya ja masa. Haka kakana ya yi, haka kakan Baba ya yi. Ni ne ɗan fari, kuma ni kaɗai ne namiji, sauran duk mata ne. Tun ina ƙarami nake saɓa masa zabira, jakar fatar da ake zuba kayan wanzanci. A lokacin da nake magana na riga na fara yi wa manya aski ranar kasuwa. Abu ɗaya ne bai sakar mini ba tukuna, askin jariri ranar suna, wanda a gidanmu shi ne shaidar cewa mutum ya karɓi aska.

Kuma lokacin ya matso, don hannun Baba ya fara rawa. Ba sosai ba. In zai yi aski sai ya tokare gwiwar hannunsa da cinya, ya ɗan jira kafin ya ɗora aska. Na lura, ya kuma san na lura, amma babu wanda ya ce uffan. Dama mu ba masu magana da juna ba ne. Kunyar ɗan fari ta sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai" ko "wannan". Sai mu wuni tare a kasuwa abin da ya haɗa mu bai wuce "miƙo sabulu" ba.

Ranar da abin ya faru, wata tsayuwa nake son in iya. Mutum zai yi juyi a ƙasa sannan ya cafke jikinsa a kan hannu ɗaya ya tsaya cak. Oga ya sha gaya mini, "Kai, haɗe babban yatsan nan da 'yan'uwansa, daina barinsa yana leƙe waje." Ni kuma in na baza shi sai in ji na fi tsayuwa da ƙarfi, don haka nake jin maganarsa ta wannan kunne ta fita ta wancan. Ashe salatif ɗin da ya haɗa kwalaye biyu ya ɓalle. Ina sauke hannun dama, babban yatsan ya shige tsakaninsu ya faɗa tsagar siminti, jikina kuwa ya ci gaba da juyawa. Na ji wani ɗas, su ma sun ji. Sai ga ni a kwance ina riƙe da hannu ina salati, waƙar tana ta yi a cikin kwano.

Kafin in isa gida gindin yatsan ya kumbura ya yi suntum. Inna ce ta fara gani, ta kira Baba. Ya tambaye ni abin da ya same ni, na ce mashin ne ya zame da mu a yashi wajen gada. Ƙaryar ta fito mini sumul, har na yi mamakin kaina. Ya kama yatsan ya lalluba, ya ce ƙashi lafiya lau, targaɗe ne, kwana uku zai ja ya koma.

Washegari bayan sallar asuba ya kira ni zaure. An ɗumama ruwa, ga ƙoƙon man shanu da garin magani a gefe. Ya zaunar da ni a gabansa, ya matse wuyan hannuna tsakanin gwiwoyinsa, ya gasa wurin da tsumma, ya shafa mai, ya yi bisimilla ya tofa. Sannan ya kama yatsan ya ja, ya murɗa shi dama da hagu. Na sha ganin ƙattai suna kuka a wurin nan ina yi musu dariya a zuciyata. Ranar na nemi gafararsu ɗaya bayan ɗaya. Ban yi ihu ba, amma gumi ya jiƙa mini riga sharkaf.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Tun da na yi wayo, ban tuna ranar da Baba ya riƙe hannuna ba sai wannan safiyar. Yana gama ja bai sake ni ba. Ya ci gaba da murza wurin a hankali, idonsa a kan yatsan, sai kawai ya fara magana. Ya ce kan jariri ba irin na babba ba ne, fatar tana tafiya a ƙarƙashin aska, dole ka tsare ta da yatsun hagu. Ya ce in ka zo maɗiga, wurin nan mai laushi a tsakiyar kai da ke harbawa, aska ba ta dannawa, shafa kawai take yi, kuma duk ƙarfin riƙon a babban yatsa yake. Na kasa kunne ina ji. Zafi na cina, amma daɗi ya cika ni, har ba na son ya gama.

Kwana uku suka wuce, bakwai suka wuce. Kumburi ya ɗan sauka, amma yatsan ya zama ba nawa ba. Maɓallin riga ya gagare ni. Makullin mashin sai da hagu nake murɗawa. In na ɗauki kofin shayi sai in ji gindin yatsan ya goce gefe. Na shiga ɗaki na ɗauki aska don in gwada, ina matse ta sai ta karkace ta faɗi a kan tabarma. Na mayar da ita kube na zauna na rasa abin yi.

Oga ne ya ce ba zai zuba mini ido ba. Yayarsa nas ce a wani ƙaramin asibiti a Makarfi, ya goya ni a mashin muka je. Mace ce mai faɗa, irin waɗanda ba sa tauna magana. Ta ba ni takarda ta ce in matse tsakanin babban yatsa da manuni, ta ja, takardar ta zare kamar ban riƙe komai ba. Sannan ta kama babban yatsan hagu ta tura shi gefe, ya je wani wuri ya tsaya. Ta kama na dama ta tura a hankali, shi kuwa ya yi ta tafiya. Ta ɗago ta kalle ni.

"Wa yake ja maka wannan yatsan?"

Na ce, "Babana ne, Anti."

"Kwana nawa?"

"Yau goma."

Ta riƙe baki. Ta ce ba targaɗe ba ne irin wanda na sani. Akwai wata jijiya gajera da ke ɗaure gaɓar daga ciki, ita ce ke hana yatsan gocewa in an matsi abu, to ita ce ta yage. Ta ɗauki zaren bandeji ta tsinka, ta kusanto da bakin biyu, ta ce in aka bar su haka ba motsi suna iya kamawa, amma duk ja ɗaya raba su yake yi. Ta yanko wata roba mai tauri ta lanƙwasa daidai yatsana, ta naɗe da bandeji har wuyan hannu. Ta ce mako shida kada in cire, kada kowa ya taɓa, in kuma bai kama ba sai an je Zariya an yi aiki.

"Ka je ka gaya wa Babanka ya daina. Ka ji ni ko?"

Na ce na ji. A zuciyata kuwa cewa nake, baiwar Allah, ke ba ki san gidan da na fito ba.

Ban shiga ƙauye da bandejin ba. Akwai wata tsamiya kafin a kai gidajen farko, nan na tsaya na kwance shi, na naɗe robar a ciki na cusa a aljihu. Ta yaya ɗan wanzami zai ratsa gari da ɗaurin asibiti a hannu, alhali a zauren ubansa ake kawo wa mutane irin wannan? Kafin in kai ƙofar gida labari ya riga ni shiga. Za a ce hannun tsoho ya daina ci, tunda ga ɗan cikinsa ma ya gudu wurin nas. In kuma aka tambayi wace nas ce, wa ya kai ni, me ya haɗa ni da ƙaninta, to daga nan zancen ya doshi sito. Na ce bari in nemi dabara a hankali.

Na gwada, Allah ya sani na gwada. Washegari da ya matse hannuna na ce, "Baba, ko a bar shi ya ɗan huta kwana biyu?" Akwai mutum biyu a zauren suna jiran ƙaho. Baba bai ɗago ba, ya ce, "Zafin kake tsoro?" Mutanen suka yi dariya, ɗaya ya ce yaran yanzu sai tsawo. Zuciya ta ɗebe ni, na miƙa hannun na ce a ja. Aka kuwa ja.

Na koma ta wurin Inna. Ita ma kunyar ɗan fari ba ta barin ta zauna da ni, tana tankaɗe ta ba ni baya nake magana. Na ce mata wani ya ce irin wannan ciwon ba a ja. Ta ce, "Wane ne wanin?" Na ce wani ne dai a Ikara. Ta ce, "Ubanka ya ja yatsun garin nan kaf sun koma, naka ne zai gagare shi? Kul na sake jin wannan maganar." Ta ci gaba da tankaɗenta, ni kuma na fita.

Haka rayuwata ta koma. Da asuba Baba ya ja. In na fita na kai tsamiya in ɗaura roba, in wuni da ita a Ikara, in dawo da yamma in kwance a tsamiya. Abin da jijiyar ta ɗan kama da rana, da safe a raba shi. Na san haka ne, don an nuna mini da zare a gaban idona. Amma kullum da ƙafata nake tafiya zauren, in zauna, in miƙa hannu. Wani lokaci ina jin haushin Baba har ba na son ganin ƙoƙon man shanun nan. Sai kuma ya fara murzawa a hankali yana ba ni labarin ranar da kakana ya fara miƙa masa aska, sai in ji ba zan iya buɗe baki in kashe wannan zaman ba.

Sito kuwa ban daina zuwa ba, sai dai na koma ɗan kallo a kan buhun da babu komai ciki. Bayan abin da ya same ni sun yi hankali. Sun zubar da kwalayen, sun haɗa hannu sun samo ledar tsakar ɗaki guda ɗaya mai faɗi wadda ba ta da mahaɗi, sun cike tsagogin simintin. Kowa sai ya naɗe babban yatsa da wuyan hannu da filasta kafin ya shiga, kuma yanzu babu mai gardamar ɗumama jiki. In sabon shiga ya baza yatsa sai ka ji an ce, "Haɗe shi, kar ka yi irin ta ɗan wanzam." A gabana suke faɗa. Na zama abin misali ina zaune da raina. Rannan na tashi na zazzage su tas, har ɗan Kudan da bai ce komai ba, na fita na bugo ƙofa. Washegari na dawo, don ba ni da wani wurin da zan zauna da bandeji a hannu ba a tambaye ni ba.

Bayan mako uku na koma Makarfi. Anti ta kwance, ta tura yatsan gefe, ya tafi kamar ranar farko. Ba ta ma tambaye ni ba.

"Ina ɗaurewa ana kwancewa, ko ba haka ba? Kai, wai yatsan nan naka ne ko na aro?"

Na ce, "Anti, ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Kana jin kunyar Babanka, shi kuma yana ganin taimakonka yake yi. To ni nawa ya ƙare. Ka tafi Zariya cikin makon nan, tun ana iya ɗinke ta."

Na karɓi takardar da ta rubuta mini na sa a aljihu. Zariya ba nisa, mota ɗaya ce. Amma aiki ba a ɓoye yake yiwuwa ba, dole a kwana, dole a dawo da ɗinki a hannu. Kullum sai in ce gobe zan gaya masa. Takardar ta yi ta yawo a aljihuna har ta yi laushi, rubutun ya fara gogewa.

Abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne kasuwa. Tunda ba na iya riƙe aska, Baba ya koma yin askin duka shi kaɗai, ni ina kaɗa kumfa ina miƙa tsumma. Rannan ina tsaye ya ɗan yanki wani dattijo a bayan kunne. Jini kaɗan ne, dattijon ma ya ce ba komai. Amma mako na zagayowa na hango shi zaune a gaban wani wanzamin a ɗaya gefen rumfa. Baba ma ya gani. Washegari da safe jan da ya yi mini ya fi na kullum ƙarfi, yana yi yana cewa, "Ya kamata a ce ya koma yanzu. Ya kamata." A nan na gane ba ni kaɗai nake jiran yatsan nan ba, shi ya ma fi ni matsuwa.

Wajen kwana arba'in kumburi ya tafi gaba ɗaya, zafin ma ya ragu sai in an matsa. In ka kalli hannun ba za ka ce akwai abin da ya same shi ba. Baba ya juya shi a tafinsa, ya lanƙwasa, ya miƙe, ya ce, "Alhamdu lillahi, ya warke." Fuskarsa ta saki irin yadda ban saba gani ba. Ya ce jibi akwai suna a ƙauyen Furana, in shirya. Na ce to.

Mun isa da hantsi, an riga an raɗa suna an raba goro. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, maza sun cika wurin, wasu a tsaye a bakin ƙofa. Wata tsohuwa ta fito da jaririn a naɗe cikin zane ta zauna a gabanmu, aka kawo ruwa a ƙwarya. Baba ya buɗe zabira, ya zaro askar da yake ji da ita, ya wasa ta a nitse, ya gwada a gashin hannunsa. Ya jiƙa kan yaron ya shafa sabulu. Sai ya juyo da askar, ƙota ta wajena, ya miƙo mini.

Wani dattijo ya ce, "A'a, yau magaji ne zai yi? Masha Allahu." Zauren ya ɗauki fatan alheri.

Na karɓa. Na matso, na ɗora yatsun hagu a kan ɗan kan nan mai ɗumi, na tsare fatar yadda aka koya mini. Maɗigar tana harbawa a ƙarƙashin kumfa, ina ganinta. Na matse aska, sai na ji gindin yatsan ya goce, bakin askar ya karkata ya dawo. Na sake matsewa da duk ƙarfina, ya sake gocewa. Babu wanda ya lura sai ni. Na san zan iya runtse ido in fara, wataƙila in gama lafiya. Wataƙila kuma yaron ya motsa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ba don kaina ba.

Na janye hannu, na ajiye askar a kan tabarma.

"Baba, ba zan iya ba."

Baba ya ce a hankali, "Kowa da haka ya fara. Ɗauki."

"Ba tsoro ba ne, Baba. Hannun ne ba ya riƙewa."

Ya kalle ni, kallon da ya fi kowanne tsawo a rayuwata. Ya ɗauki askar, ya gyara zama, ya tokare gwiwar hannunsa da cinya. Askin da a da yake gamawa kafin a tauna goro ɗaya, ranar ya daɗe yana yi. Yana shafa kaɗan ya tsaya, ya jira hannun ya lafa, ya sake shafawa. Gumi na ɗiga daga gemunsa. Duk zauren nan sun ga abin da ya yi shekara yana ɓoyewa, kuma ni na jawo masa. Ya gama bai ƙwarzani yaron ba ko kaɗan. Aka yi addu'a, muka yi sallama, ba mu tsaya cin abinci ba.

Ina goye da shi a mashin, mun yi nisa cikin gonakin rake, ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Ya sauka ya zauna a kan kunya, zabira a cinyarsa. Na durƙusa a gabansa na kwashe komai na gaya masa, tun daga sito har Makarfi, har tsamiya. Na zaro robar da takardar na ajiye a gabansa.

Na ɗauka rawar ce za ta tayar masa da hankali. Ya ce, "Rawa?" Na ce e. Ya ce, "Da ka a ƙasa?" Na ce e. Ya girgiza kai kawai, bai sake komawa kanta ba. Ya ɗauki robar yana jujjuyawa.

"Ita ma'aikaciyar asibitin, cewa ta yi jan ne ya hana shi kamawa?"

Na ce, "Baba, laifina ne. Ni na yi ƙarya, ni na ƙi faɗa."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Na sunkuyar da kai. Ƙarya ta zo mini har baki, mai sauƙi, in ce dama can ta riga ta tsinke, ja bai ƙara komai ba. Amma na gaji.

"E, Baba. Haka ta ce."

"Kullum da safe."

"E."

Ya ajiye robar. Ya buɗe tafukansa biyu a kan zabira yana kallonsu, suna ɗan rawa. Masu kekuna suna wucewa suna gaishe shi yana amsawa. Daga baya ya ce in tashi mu tafi, rana na yi.

Shi da kansa ya raka ni Zariya. Likita ya ce an makara da ɗinki mai sauƙi, sai babban aiki, aka kuwa yi. Yatsan ya samu, yana riƙe kofi, yana riƙe kilifa, wato na'urar aski, da ita nake aski yanzu a wani ɗan shago a Ikara. Amma in na matse aska na ɗan jima sai ya gaji ya fara saki, kuma ni ba zan ɗora irin wannan hannun a kan ɗan kowa ba. Zabira ta koma wurin ɗan ƙanin Baba. Na ɗauka wannan ne iyakar abin da na jawo, kuma na shirya ɗaukarsa.

Ina gida ina jinyar ɗinki wata safiya aka yi sallama. Wasu mutum biyu ne suka riƙo ɗan'uwansu, ya gurɗe a ƙafa wajen yankan rake. Suka zaunar da shi a zaure inda aka saba, suka gaida Baba, suka ce an kawo a ja masa. Baba ya dubi ƙafar daga inda yake zaune, bai matso ba.

"Ku wuce da shi asibiti."

Suka ce, "Haba Baba, ɗan targaɗe ne fa, ai ja ɗaya za ka yi."

Ya ce, "Na daina."

Suka yi ta roƙo har suka gaji suka ɗauki mutuminsu suka fita. Ina zaune a gefe da hannu a rataye. Na so in ce masa mutum nawa ya ja suka warke, na so in ce nawa ne kawai ya zo daban. Na buɗe baki na ce, "Baba." Ya ce, "Kai, je ka ka karya," bai ko waiwayo ba. Na tashi na shiga cikin gida.